Fitilun Gida Masu Ƙaramar Wuta da Ake Sarrafawa da Wayar Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da sola ta shiga gidaje a Kano, Katsina, Maraɗi da sauran garuruwanmu, mutane suka fara tambayar yadda za su haɗa fitilun LED kai tsaye da batir, su kuma riƙa kunna su da kashe su ta wayar hannu. Yawancin masu tambaya manhaja ce ke burge su. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne wayar da ke cikin silin da fis ɗin da ke kan batir, domin a nan ne aiki ke kyau ko ya lalace.

Me ake nufi da ƙaramar wuta?

Wutar da ke zuwa soket a Najeriya bolt 230 ce, mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, wadda ake kira AC. Ƙaramar wutar da muke magana a kai bolt 12 ce ko 24, mai tafiya hanya ɗaya, wato DC, irin wadda batirin mota ko na sola ke bayarwa. Fitilar LED dama da irin wannan wutar take aiki. Ko ƙwan da kake ɗaurawa a silin yana da 'yar na'ura a gindinsa da ke sauke 230 ɗin zuwa abin da LED zai iya ɗauka, kuma galibi ita ce ke fara mutuwa idan wuta ta yi sama da ƙasa. A tsarin ƙaramar wuta, ana cire wannan aikin daga kowane ƙwai a tara shi wuri ɗaya, ko a ɗauko wutar daga batir.

Tunda ba ta jan mutum, zan iya haɗawa da kaina ba tare da fargaba ba?

Gaskiya ne, idan ka riƙe wayar bolt 12 ko 24 da busasshen hannu ba za ka ji komai ba. Amma haɗarinta gobara ce. Lissafin ba shi da wuya: wat shi ne bolt sau amfiya. Fitilu masu cin wat 72 a kan bolt 230 ba sa jan ko kashi ɗaya cikin uku na amfiya ɗaya. Waɗannan fitilun dai a kan bolt 12 suna jan amfiya 6. Amfiya kuwa ita ce ke sa waya ta yi zafi. Batirin sola mai 200Ah, idan wayoyinsa biyu suka haɗu, zai iya tura ɗaruruwan amfiya nan take, robar waya ta narke, jan ƙarfen ya yi ja, katakon silin ya kama.

Don haka ɓangaren ƙaramar wuta za ka iya yi da kanka idan za ka bi ƙa'idar kaurin waya da ta fis. Ɓangaren 230 kuwa, wato jona akwatin sauya wuta, mai sauke 230 zuwa 12 ko 24, da allon rarraba wutar gida, ka bar wa ƙwararren mai wayarin. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba masu wannan sana'a takardar shaida, kuma ba laifi ba ne ka nemi ka gani.

Bolt 12 zan ɗauka ko 24?

Ashirin da huɗu, in dai gida ne ba shago mai ɗaki ɗaya ba. Da haske iri ɗaya, 24 na jan rabin amfiyar da 12 ke ja, don haka waya ba ta wahala kuma wuta ba ta zubewa a hanya sosai. Fitilar igiya, wato doguwar siririyar nan mai jerin LED da ake mannawa, ta bolt 12 ba a wuce mita 5 da ita daga baki ɗaya, ta 24 kan kai mita 10. Abin da 12 ta fi shi ne sauƙin samun kaya, da kuma yawan wuraren yanka: a igiya mai LED 60 a mita, ta 12 ana yankawa kowane santimita 5, ta 24 kowane santimita 10. Idan kantar kicin ce ko cikin wadrob, 12 ta wadatar.

Wane kaurin waya zan sa? Mai shago ya ce kowace iri ta yi.

Ba kowace iri ba. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka bari mu zauna a kanta.

Kowace waya tana riƙe wani ɓangare na wutar da ke bi ta cikinta, ta mai da shi zafi. Abin da ke jawo haka shi ake kira tirjiya, ana auna ta da om. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5mm² tana da tirjiyar kusan om 0.012 a kowace mita. Mai 2.5mm² tana da kusan 0.0074, mai 4mm² kusan 0.0046. Sai ka tuna wuta zuwa take yi ta dawo, saboda haka tazarar mita 10 daga batir zuwa falo wayar mita 20 ce.

Ɗauki fitilar igiya mita 5 mai cin wat 14.4 a mita, jimla wat 72. A bolt 12 amfiya 6 ke nan. Idan ka ja ta mita 10 da waya 1.5mm², za a rasa kusan bolt 1.45 a hanya, wato kashi 12 cikin ɗari. Fitilar za ta samu bolt goma da rabi, ta yi dishi-dishi. Ka canja zuwa 2.5mm², asarar ta sauko kusan bolt 0.9, har yanzu da yawa. Amma ka mai da tsarin bolt 24 da wannan 1.5mm² ɗin dai: amfiya 3 kawai, asara kusan bolt 0.73, kashi 3 cikin ɗari. Wannan shi ne abin da ake nema, kada asara ta wuce kashi 3 zuwa 5.

Shawarata a taƙaice: daga batir zuwa akwatin fis, 4mm² ko 6mm², kuma tazarar ta zama gajera. Daga akwatin fis zuwa kowane ɗaki, 2.5mm² idan 12 ce, 1.5mm² idan 24 ce kuma ɗakin bai yi nisa ba. Siririyar wayar nan ta lasifika mai ja da baƙi, ka bar ta ga ɗan guntun da bai wuce mita ɗaya ba.

Na sa waya 2.5mm² amma har yanzu tana ɗumi. Me ya faru?

Mai yiwuwa ba jan ƙarfe ba ce. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ana rubuta mata CCA in mai ita ya yi gaskiya. Tirjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, tana karyewa a bakin sukurun, kuma mahaɗarta kan saki bayan 'yan watanni.

Kafin ka biya kuɗi, ko a Sabon Gari kake ko a Alaba, ka ce a yanko maka ɗan guntu. Feɗe robar, ka ɗauki sili ɗaya ka kankare shi da reza. Idan cikinsa ya fito fari fat kamar cikin gwangwani, alminiyam ne. Ko ka kanga masa laita: silin jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya a miƙe, na alminiyam zai lanƙwashe ya zube. Ɗaga naɗin ma ka ji nauyinsa, na gaske yana cika hannu. Akwai kuma wadda jan ƙarfen ce amma an rage mata kauri, an rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba. Araha ba ta ado, musamman ga abin da za a rufe a cikin bango shekara da shekaru.

Zan iya jona fitilar igiya kai tsaye da batirin solata?

Za ta kama, amma ba za ta daɗe ba. Batirin da aka rubuta wa 12 ba ya tsayawa a 12. Mai ruwa idan ya cika ya huta yana kusan 12.7, lokacin caji da rana kuma ana kai shi 14.4. Na lithiyam irin LiFePO4 kan kai 14.6. Fitilar igiya kuwa ba ta da abin da ke tsare mata wuta sai 'yan ƙananan tirjiya, don haka ƙarin bolt biyu na sa ta ja amfiya fiye da ƙima, ta yi zafi, haskenta ya tsufa da wuri. Da dare kuma idan batir ya sauka, ta dushe.

Maganin shi ne 'yar na'urar daidaita wuta ta DC zuwa DC a tsakani. Idan batirinka 12 ne, ka nemi wadda ke iya ragewa da ƙarawa ta tsayar da 12 daidai, ko ma wadda ke ɗaga shi zuwa 24. Idan inbatarka ta bolt 48 ce, ka sa mai saukewa daga 48 zuwa 24.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya daina: batura biyu ko huɗu an jera su don inbata, sai mutum ya ɗauki wuta daga guda ɗaya don ya samu 12. Wannan batirin zai riƙa ƙarewa kafin 'yan uwansa, caji ba zai daidaita su ba, shi zai mutu da yunwa, sauran su sha caji fiye da ƙima. Fitilar 'yan dubbai za ta ja maka asarar batura na dubban ɗaruruwa.

Bakin da aka ware wa kaya a jikin caji kwantirola, wato na'urar da ke tsakanin faifan sola da batir, yana da amfani, domin yana yanke wuta idan batir ya yi ƙasa sosai. Amma ba ya daidaita bolt, abin da batir ke da shi yake bayarwa.

A ina ake sa fis, kuma wane iri?

Na farko a kan wayar + ta batir, kusa da kansa, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta, shi ya sa ake taƙaita ta. Daga nan wuta ta shiga akwatin fis mai layi shida ko goma sha biyu, irin na motoci, kowane ɗaki da nasa. Waɗannan fis ɗin ana gane su da launi: mai 10A ja ne, mai 15A shuɗi, mai 20A rawaya. An yi su ne don bolt 32 zuwa ƙasa, don haka sun dace da 12 da 24, ban da 48.

Fis waya yake karewa, ba fitila ba, saboda haka da kaurin waya ake auna shi. Ga 1.5mm² kada ka wuce 10A, ga 2.5mm² kada ka wuce 15A. Idan ya ƙone, akwai dalili. Kada a naɗa masa silin waya ko takardar kwalin sigari a mayar.

Idan babu sola, wane girman akwatin sauya wuta zan saya?

Tara wat ɗin duk fitilun da zai ɗauka, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Fitilun wat 120 suna buƙatar mai wat 150. Dole bolt ɗinsa ya zo daidai da na fitila. Kamfanin Mean Well na Taiwan ya yi suna a wannan fanni, amma jabunsa sun yi yawa, a saya a wurin da aka amince da shi. Masu jikin ƙarfe mai huda-huda na cikin ɗaki ne kuma dole a haɗa musu wayar ƙasa. A ajiye shi inda iska ke shiga kuma hannu zai kai, ba a rufe shi cikin silin ɗin POP ba ƙofa.

Yaya jerin kayan yake daga farko zuwa ƙarshe?

Batir ko akwatin sauya wuta, sai babban fis, sai na'urar daidaitawa idan batir ne, sai akwatin fis, sai kwantirola, sai fitila. Kwantirola ita ce mai jin umarni daga wayar hannu. Tana rage haske ta hanyar kunnawa da kashewa ɗaruruwa ko dubban sau a daƙiƙa, dabarar da ake kira PWM.

A yawancin fitilun igiya wayar + guda ɗaya ce ta gama-gari, kwantirola kuma ɓangaren − take sarrafawa. Mai launi ɗaya waya biyu gare ta. Mai fari biyu, mai ɗumi da mai sanyi, uku. RGB, mai ja da kore da shuɗi, huɗu. RGBW, mai ƙarin fari a kan waɗannan, biyar. Ka tabbatar kwantirolar ta dace da irin igiyar, ka kuma duba amfiyar da kowane bakinta ke ɗauka, ba jimlar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali kawai ba. Kada ka haɗa − ɗin da ya fito daga kwantirola da − na batir, in ka yi haka fitila za ta kama ta ƙi mutuwa.

Akwai wata igiyar daban, irin WS2812B ta bolt 5 da WS2815 ta bolt 12, wadda kowane LED ke da launinsa, tana da wayar saƙo kuma akwai kibiya a jikinta mai nuna inda saƙon ke bi. Masu son wasa da haske kan tuƙa ta da manhajar WLED a kan allon ESP32. Ta ado ce, ba ita za ta haska maka ɗaki ba.

Wajen haɗa waya da waya, murɗawa da naɗa baƙin tef ba aiki ba ne, zafi na sa tef ya saki. A yi amfani da mahaɗi mai maƙalewa irin Wago 221, ko a liƙa da dalma a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Kafin a manna komai a sama, a shimfiɗa duka a ƙasa a kunna a gani.

Wi-Fi, Zigbee ko Matter?

Idan kwantirola biyu ko uku ce, Wi-Fi ya fi sauƙi: ka saya, ka sauke manhaja irin Smart Life ta Tuya ko ta Shelly, ka haɗa. Kusan dukkansu a kan 2.4GHz kawai suke aiki, kuma yawan ƙorafin "ta ƙi haɗuwa" daga nan yake, wayar mutum tana kan 5GHz. Ƙaramar MiFi ta aljihu kuma na'urori kaɗan take ɗauka, galibi goma ko ɗan abin da ya fi haka, kuma idan maigida ya fita da ita fitilu sun zama kurame.

Idan gida ne gaba ɗaya, Zigbee na fi so, wata hanya ce ta aika saƙo ta iska tsakanin na'urori, daban da Wi-Fi. Yana buƙatar uwar na'ura guda ɗaya, amma duk kwantirolar da ke kan wuta kullum tana miƙa saƙo ga ta gaba, kamar yadda leburori ke miƙa kwanon kankare hannu da hannu ranar zuba rufin kankare. A gidajenmu na bulo da rodi, inda bango biyu kan kashe sigina, wannan babbar riba ce. Ba ya kuma cin wuta kamar Wi-Fi. Shi fitilun Philips Hue ke amfani da shi tun 2012, kuma akwai kwantirolar Gledopto masu rahusa da ke aiki da 12 ko 24.

Matter ya fito a watan Oktoba na 2022, da hannun Apple, Google, Amazon da Samsung a ciki, don kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna. In ka samu mai tambarinsa, madalla. Ko wanne ka ɗauka, kada ka rufe kwantirola a akwatin ƙarfe, sigina ba ta fita.

Idan data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, fitilun za su mutu?

Ya danganta da inda ƙwaƙwalwar tsarin take. Yawancin kayan rahusa umarninka sai ya je wata kwamfuta a ƙasar waje ya dawo kafin fitilar ɗakinka ta kama. Ba intanet, ba umarni, ko kuma rabin abubuwan su tsaya. Kamfanin ma zai iya rufewa: a watan Afrilu na 2022 Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu gidaje suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, sai bayan wata biyu wasu daga cikin masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi.

Mafita ita ce ƙwaƙwalwar ta zauna a gidanka. Home Assistant manhaja ce ta kyauta da aka fara a 2013, tana gudana a kan 'yar kwamfuta irin Raspberry Pi mai cin wat kaɗan, kuma da ita da Zigbee komai na tafiya ko babu data. Sai dai tana son mai haƙurin koyo. Ka ɗora ita da na'urar Wi-Fi a kan batir, don kada su riƙa mutuwa duk lokacin da KEDCO ko NIGELEC suka ɗauke wuta.

Duk da haka, ƙa'idata ɗaya ce ba na sassauta ta: kowane ɗaki ya samu makunni a bango. Hajiya da ta tashi alwala cikin dare, da baƙon da ya sauka, da yaron da aka aika ɗauko abu, babu wanda ya kamata ya nemi wayar hannu kafin ya ga gabansa.

To, makunnin bango na da zai yi?

Zai yi idan ka san inda za ka sa shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa shi ya yanke wutar kwantirola. Da zarar an kashe, manhaja ba ta ganinta, kuma a Zigbee an tsinke hanyar saƙon wasu ɗakunan. Kwantirola da dama suna da baki na musamman na makunni. A nan ake jona shi, sai ya zama saƙo kawai yake aikawa, wutar da ke bi ta cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Mai dannawa ya dawo, irin na ƙararrawa, ya fi daɗi, domin idan ka riƙe shi haske na raguwa ko ƙaruwa. Akwai kuma na Zigbee mai ƙaramin batir da ake mannawa a bango ba waya.

Idan kuwa makunnin AC ne zai riƙa yanke amfiya mai yawa ta DC, bakinsa zai ƙone da wuri, domin tartsatsin DC ba ya saurin mutuwa kamar na AC.

Ina kan gini, ba a yi filasta ba. Me zan tanada?

Kai ne mai sa'a. Ka zaɓi wuri ɗaya a tsakiyar gida, kusa da batura, mai iska, ya zama cibiya. Daga nan kowane ɗaki a ja masa fayif nasa, ba a bi ɗaki-ɗaki da waya ɗaya ba. Fayif ɗin ƙaramar wuta daban, na 230 daban, akwatunansu ma daban. A sa fayif mai faɗin milimita 25 a bar igiyar ja a ciki saboda gaba, a sa akwatin makunni mai zurfi. Launin waya ya bambanta da na wutar gida, a kuma rubuta wa kowane baki suna, domin mai wayarin da zai zo bayan shekara biyar zai iya ganin ja da baƙi ya jona su da 230. Kafin magina su rufe, ka ɗauki hoton kowane bango.

Me ya sa igiyar da ke cikin silin take saki ta faɗo, ko ta dushe bayan 'yan watanni?

Zafi ne. A watan Afrilu Kano kan wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa. Gam ɗin bayan igiya ba ya jure wannan, balle an manna shi a kan POP mai gari ko ƙurar hunturu. LED ɗin ma zafi ne ke tsufar da shi. A sa igiyar cikin kwararon alminiyam da aka yi dominta: yana ɗauke zafi, yana riƙe ta, murfinsa mai hazo kuma yana ɓoye ɗigon hasken. A goge wurin da sifirit kafin mannawa. Kada a kunna igiya tana naɗe a kan faifanta fiye da 'yan daƙiƙu, kuma kada a sa mai rufin roba a cikin ɗaki ba dalili, rufin na tsare zafi.

Farkon igiya na da haske, ƙarshenta ya yi rauni.

Ta yi tsawo ga baki ɗaya. Ka jawo wasu wayoyi biyu daga bakin kwantirola ka ciyar da ita ta ɗaya ƙarshen ma, ko ka raba ta biyu ka ciyar daga tsakiya. Ka ɗauki maltimita ka auna a farko da ƙarshe fitila tana kunne, za ka ga bambancin da idonka.

Tana ƙyafta-ƙyafta.

Ka fara da mahaɗa, sau da yawa sukurun ne ya saki. In ba shi ba, akwatin sauya wuta ya yi wa kayan kaɗan: yana kamawa ya yanke ya sake kamawa. Idan a bidiyon waya kawai kake ganin zane-zane, saurin PWM na kwantirolar ne ya yi ƙasa, wasu ana iya ɗaga shi a manhaja.

Wane launin fari ya dace?

Kasuwarmu ta saba da 6500K, farin nan mai shuɗi-shuɗi, har ana ganin shi ne haske. Ga ɗakin kwana da falo da dare, 2700K zuwa 3000K, wato fari mai ɗumi, ya fi sanyaya ido. Kicin da wurin karatu, 4000K. Tela da mai kwalliya su duba lambar CRI, mai nuna yadda haske ke fito da launin kaya, ta kai 90, don shadda da atamfa su fito da launinsu na gaskiya.

Tsakar gida da ƙofar waje fa, ga damina?

Ka duba lambar IP, ita ke nuna yadda fitila ke jure ƙura da ruwa. IP20 na cikin ɗaki ne. IP65 na jure feshin ruwa, ya dace da ƙarƙashin rumfa. Inda ruwa kan kwanta, IP67. Ruwa ta wurin yanka da mahaɗa yake shiga, don haka a toshe su da silikon, mahaɗa ta zauna cikin akwati mai bakin waya yana kallon ƙasa. Wayar da za ta bi ƙasa a sa ta a fayif saboda ɓeraye da fartanya.

Batirina zai kai safiya?

Mu gwada da gida matsakaici. Falo, igiya mita 5 mai wat 9.6 a mita, an rage ta zuwa rabin wuta, awa 5: wat-awa 120. Ɗakuna biyu, wat 10 kowanne, awa 4: 80. Fitilu uku na tsakar gida, wat 5 kowacce, awa 11: 165. Kwantirola biyar, a ƙaddara wat ɗaya kowacce dare da rana: 120. Jimla 485. Batir mai ruwa na 200Ah a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi ake ci idan ana so ya yi ƙarko, wato 1,200. Ya isa har da ragowa.

Ka lura kwantirolar da ke zaman jira ta ci daidai da falo, shi ya sa ba a tara su ba dalili. Ribar babba kuma ita ce za ka iya kashe inbata da dare. Da yawansu na cin wat 20 zuwa 50 ko ba a kunna komai ba, wanda a dare ɗaya kan kai abin da fitilun duka suka ci.

Ban da kunnawa daga waya, me tsarin zai yi mini?

Abin da ya fi amfani shi ne wanda ba ka taɓa komai. Fitilar ƙofa ta kama da faɗuwar rana ta mutu da fitowarta, tana bin canjin lokaci da kanta. Home Assistant na da sashen lokutan salla, don haka za ka iya sa hanyar banɗaki da wurin alwala su kama da ɗan haske kafin kiran asuba, a watan azumi kuma kicin ya kama lokacin sahur. Na'urar gano motsi a zaure tana haska wa mai shigowa ta kashe bayan minti biyu. A kafa ta nesa da inda rana ke bugawa ko iskar janareta ke fita, domin zafi take ji. Idan kana da na'urar auna batir a cikin tsarin, ka sa fitilun ado su mutu da kansu idan caji ya yi ƙasa, a bar na tsaro.

Gidan haya nake, ba zan iya fasa bango ba.

Ka ɗauki akwatin sauya wuta mai filogi da ake sawa a soket, kwantirola ɗaya, makunnin Zigbee ko rimot mai mannawa, da farin kwararon roba da ake bi da waya a gefen silin. Kwararon alminiyam a ɗaure shi da ƙananan sukurun biyu ko uku waɗanda raminsu ke toshewa cikin sauƙi. Idan daga batir za ka ɗauko wuta, fis ɗin kan batir yana nan daram ko da fitila ɗaya ce. Ka sanar da mai gida kafin ka huda komai, kuma ka ajiye kwalayen kayan saboda ranar tashi.